Dara da Shaɗaranji a Ƙasar Sakkwato: Tarihin Jeren Farko

Dara wasa ne na mutum biyu da ake yi a ƙasa, cikin gurabe talatin da ake tonawa layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu. Ɗaya yakan riƙi tsakuwa ko ƙwallon dabino, ɗayan ya kakkarya kara ko tsinke, don kada 'ya'yan su cakuɗe. Inuwa da rairayi sun wadatar, ba a sayen komai. A birnin Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da shi, har zuwa Gwandu da Argungu da Zuru, da ƙetaren iyaka wajen Ƙonni da Doso, ita ce tsohon wasan tunani da maza suka gada daga iyaye. Zabarmawa suna ce mata dili. Akwai wata dara daban, mai gurabe goma sha biyu, wadda ake ɗebe 'ya'ya ana rarrabawa gurbi-gurbi, 'yar'uwar ayo ta Yarbawa. Wannan bayani ya shafi ta gurabe talatin ce.

Wasan yana da zango biyu. A na farko, 'yan wasa suna zuba 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, wannan ya sa, wancan ya sa, har kowa ya ƙare na hannunsa. A wannan zango ba a ci, kuma ba a yarda mutum ya jera 'ya'ya uku a layi ɗaya ba. A zango na biyu ake tafiya: ɗa yana matsawa gurbi ɗaya tak, gaba ko baya ko gefe, ba ya tsallake wani, ba ya bin kusurwa. Duk wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Jeren huɗu ba ya ci. Wanda 'ya'yansa suka ragu zuwa biyu ba shi da sauran hanyar jera uku, wasa ya ƙare a kansa.

Ƙa'idojin ba su da yawa, yaro yakan haddace su da yamma ɗaya. Nauyin wasan yana cikin wani ɗan lissafi da mai kallo ba ya lura da shi. Gurabe talatin ne, 'ya'ya ashirin da huɗu. Ashe idan an gama zubi, gurabe shida kaɗai suka rage babu kowa a ciki, kuma duk motsin da za a fara yi sai ta cikin waɗannan shida. Mutum yana iya samun 'ya'ya goma sha biyu cif, amma takwas daga ciki a kulle suke, ba su da inda za su matsa. Saboda haka gwanin dara, yayin da yake zubi, hankalinsa yana kan gurbin da zai bari fiye da gurbin da zai cike. Yana so guraben da za su rage su kasance a bakin 'ya'yansa, nesa da na abokin karawarsa. Yana so ya sa biyu a jere, gurbi na uku a buɗe, da wani ɗansa a gefen wannan gurbi yana jiran a fara tafiya. Abokin karawa kuwa dole ya zaɓa: ko ya toshe wannan gurbi da ɗansa, ya ɓata damar gina nasa, ko ya ƙyale ya gina nasa tarkon yana fatan shi zai riga ci. Kowane ɗa da aka zuba yana yin ɗayan biyun nan, gini ko toshiya, kuma wanda ya fi ƙwarewa shi ne mai samun gurbin da zai yi masa duka biyun a lokaci guda.

Babban abin da ake nema shi ne doki. Jeri ne na 'ya'ya biyar: biyu a layi ɗaya, biyu a layin da ke maƙwabtaka da shi, sai na biyar da ke kai da kawowa tsakaninsu. Ya hau sama ya cika uku, ya ci. Ya sauko ƙasa ya cika uku, ya sake ci. Wanda aka kafa wa doki, in ba shi da ɗan da zai faɗa gurbin da aka bari nan take, sai dai ya zuba ido ana tsince masa 'ya'ya. Doki ya shahara har a wasu wurare da sunansa ake kiran wasan baki ɗaya. Abin lura shi ne ba a cika samun doki da sa'a a tsakiyar wasa ba. Tun a zubi ake dasa shi, kuma tun a zubi ake hana shi. Shi ya sa tsofaffin 'yan dara sukan duba jeri kafin a motsa ɗa ko guda su faɗi wanda zai ci, kuma sau da yawa maganarsu ba ta faɗuwa ƙasa.

Lokacin dara shi ne bayan kaka, idan amfanin gona ya shiga rumbu, da kuma tsakar ranar bazara lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, aiki ya gagara, kowa ya nemi gindin dogon yaro. Wurarenta su ne ƙofar gida, bakin kasuwa, tasha da rumfunan masu sana'a. Ba a koyar da ita da darasi. Yaro yakan tsuguna bayan manya yana kallo, a aike shi ya tsinto tsakuwa, wata rana a ce ya tona gurabe. Daga nan ya koma ya yi da tsaransa, sai ranar da wani dattijo ya rasa abokin wasa ya ce masa ya zauna. Gasa ta kasance ta unguwa ce da ta gari: a san gwanin wuri kaza, baƙo ya zo ya nemi a gwada shi, 'yan kallo su kewaye suna zuga. Babu kofi, babu takarda, sunan da mutum ya yi shi ne ladansa. Harshe ma ya riƙe alamar wasan, domin har gobe idan makirci ya koma kan mai shi akan ce dara ta ci gida.

Birnin Sakkwato kansa ya kafu ne a 1809 a hannun Muhammadu Bello, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dawo cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Birni ne na malamai tun daga tushensa, kuma wannan ya shafi matsayin kowane irin wasa a cikinsa. Ɗalibin zaure, bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, yakan kai ga Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996. Kusa da ƙarshen littafin akwai hukuncin wasanni biyu, nardi da shaɗaranji: bai halatta su ba, ya karhanta zama wurin masu yi da kallonsu, amma bai hana yi musu sallama ba. A Muwaɗɗa ma an ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi shaɗaranji. Ta haka ɗaliban Sakkwato suka san sunan shaɗaranji tun kafin mafi yawansu su ga allonsa. Malaman mazhabar Shafi'iyya sun fi sassauci, sun ɗauke shi makaruhi muddin babu kuɗi a ciki, bai sa an jinkirta salla ba, bai jawo zagi ba. Abin da duka suka haɗu a kai shi ne haramcin caca. Dara ba ta cikin littattafan da sunanta, sai aka riƙa auna ta da wannan ma'auni: ba a hana talaka ita, amma ba a so a ga malami ko mai sarauta ya tsuguna a kanta, kuma da an kira salla ake share gurabe.

Shaɗaranjin da malaman fiƙihu suka yi magana a kai ya samo asali ne daga Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi bayan sun ci ƙasar a ƙarni na 7. Allonsa gida 64 ne, kowane ɓangare da sarki, waziri, giwaye biyu, dawaki biyu, kekunan yaƙi biyu da dakaru takwas. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa ya zama wasan fada. Al-Adli ya rubuta littafi a kansa wajen shekara ta 840, bayansa As-Suli, wanda ya rasu wajen 946, ya yi fice har sunansa ya zama abin misali. An kasa 'yan wasa daraja-daraja, na ƙoli ana kiransu aliyat.

Wani abu a cikin littattafan nan ya yi kusa da dara ƙwarai. 'Ya'yan shaɗaranji masu nawa ne: waziri gida ɗaya yake matsawa ta kusurwa, giwa gida biyu, dakare gida ɗaya ko da a tashin farko. Kafin rundunonin biyu su haɗu, sai an yi motsi goma ko fiye. Saboda haka gwanayen Bagadaza ba su damu da haddace wane motsi ke bin wane ba. Sun tsara wasu siffofin jeri da ake kira ta'abiyya, kowace da sunanta, irin su Mujannah da Sayyal, kowane ɗan wasa ya nufi siffar da ya zaɓa, sannan a fara gwabzawa. Tunanin ɗan dara ke nan a lokacin zubi: akwai siffar da yake so ya kai gare ta, yana gina ta yana duban abin da ɗayan ke ginawa. A Habasha, inda sarakuna suka yi nasu nau'in mai suna senterej, abin ya fi haka fitowa fili. A farkon wasa kowa yana motsa 'ya'yansa yadda ya ga dama ba tare da jiran ɗan'uwansa ba, sai an yi ci na farko sannan a koma bi da bi.

Shaɗaranji ya ƙetaro Sahara. A Barno an yi shi a fada da sunan tsatsarandi, aka kuma sa wa 'ya'yansa sunayen sarautun ƙasar, da Mai da Ciroma da Kaigama. Wani jami'in mulkin mallaka, C. K. Meek, ya rubuta labarinsa a 1934, lokacin masu iya shi sun riga sun yi ƙaranci. A yammacin ƙasar Hausa kuwa dara ce ta riƙe filin. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, daga baya suka haɗa ƙasashen Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru cikin lardi ɗaya, kuma daga wannan yanki labarin dara ya fita duniya. Littafin R. C. Bell kan wasannin allo, wanda ya fito a Ingila a 1960, ya bayyana ta a matsayin wasan Dakarkari, mutanen Zuru. Littattafan yara da na koyar da lissafi a Turai da Amurka sun yi ta kwafar wannan bayani, har ya zama ana koya wa yaran can dara a aji, alhali a makarantun ƙasar da ta fito ba ta cikin manhaja.

Ces na zamani jikan shaɗaranji ne, amma halinsa ya sauya a Sifaniya wajen ƙarshen ƙarni na 15. Waziri mai tafiyar gida ɗaya ya zama sarauniya mai ratsa allo ta kowace fuska, giwa ta zama bishof mai dogon zango. Tun kafin haka an ba dakare damar tsallaka gida biyu a tashin farko. Sai rundunoni suka riƙa haɗuwa tun motsi na biyu ko na uku, kuskure ɗaya a farko ya isa ya kashe wasa. Daga nan tsarin ta'abiyya ya faɗi, aka shiga nazarin motsi bayan motsi. Lucena ya buga littafinsa a 1497, Ruy López ya buga nasa a 1561, kuma har yau akwai buɗin wasa da ke ɗauke da sunan na biyun. 'Yan Italiya suka biyo da nasu, ciki har da buɗin Italiya da kariyar Sisiliya. Aka kafa hukumar ces ta duniya, FIDE, a Paris a 1924. A 1974 aka fara buga wani kundi a Belgrade wanda ya kasa duk hanyoyin buɗe wasa zuwa lambobi 500, daga A00 zuwa E99, kuma da shi ake aiki har yanzu.

Wannan sabon nau'i ya shigo Najeriya ta hannun Turawa da 'yan boko, ya zauna a kulob-kulob, makarantun kwana, barikoki da jami'o'i. An kafa hukumar ces ta Najeriya a 1975, shekarar da aka kafa jami'ar Sakkwato wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ces yana cikin wasannin jami'o'in Najeriya na NUGA, kuma ta wannan ƙofa ɗalibai da dama na Arewa suka fara zama gaban allo da agogo. Ƙarfin wasan dai a kudu ya taru, musamman Legas. Odion Aikhoje ya ciyo wa Najeriya lambar zinare a allo na biyu a gasar ƙasashen duniya da aka yi a Elista ta Rasha a 1998. Tunde Onakoya ya kafa shirin koya wa yaran unguwannin talakawan Legas ces a 2018, a watan Afrilu na 2024 kuma ya yi awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na birnin New York don tara kuɗin karatun yara. Wannan labari ya shiga kafofin watsa labarai na Hausa, kuma mutane da yawa a Arewa a lokacin suka fara jin cewa wasan yana da gasa da martaba.

Gasar matasa ita ce ta fi sauya fuskar ces a ƙarni ɗaya da ya wuce. An fara gasar matasa ta duniya a Birmingham a 1951. Yanzu ana kasa yara rukuni-rukuni, daga 'yan ƙasa da shekara 8 har zuwa 'yan ƙasa da 18, maza da mata. Ahmed Adly na Masar ya ci gasar matasa ta duniya a 2007. Tanitoluwa Adewumi, yaron da iyayensa suka bar Najeriya a 2017, ya ci gasar ƙananan 'yan firamare ta jihar New York a 2019 yana da shekara 8. A watan Disamba na 2024 Gukesh na Indiya ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. Tsarin gasa yana da tsauri: kowa da lokacinsa a agogo, ɗan da aka taɓa dole a motsa shi, kowane motsi ana rubuta shi, 'yan kallo ba su da bakin magana. Ana kuma auna ƙarfin kowa da makin Elo, wanda FIDE ta karɓa a 1970.

A wasannin yara, farkon wasa ne ke yanke hukunci fiye da kima. Akwai gida ɗaya kusa da sarki, f7 ga mai baƙi, f2 ga mai fari, wanda sarki kaɗai ke tsaronsa. Yaron da ya gano haka yakan fito da sarauniya da bishof ya auka wa gidan, ya gama wasa cikin motsi huɗu. Kusan kowane ɗan koyo an taɓa kayar da shi ta nan, kuma kusan kowa ya taɓa kayar da wani. Illar ita ce yaron da ya saba cin nasara da tarko yakan tsaya a nan. Ranar da ya haɗu da wanda ya san toshiyar, sarauniyarsa ce za a yi ta kora yayin da ɗayan ke fito da rundunarsa. Shi ya sa masu horarwa na ƙwarai suke fara koyar da dalilai kafin sunaye: a riƙe tsakiyar allo, a fito da dawaki da bishof da wuri, a ɓoye sarki a gefe, kada a motsa ɗa guda sau biyu ba da hujja ba. Bayan wannan ne ake shiga buɗin Italiya ko na Ruy López.

Kwamfuta ta ƙara wa lamarin nauyi. Tun da kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov a 1997, manhajoji irin su Stockfish sun wuce ƙarfin kowane ɗan'adam, kuma ana samunsu kyauta. Matashi a unguwar Mabera ko Runjin Sambo ta Sakkwato, in yana da waya da data, zai iya shiga Lichess ko Chess.com ya kara da mutumin Indiya, ya kuma duba inda ya yi kuskure bayan wasa. Wannan alheri ne babba ga garin da littattafan ces da masu horarwa ba su wadata ba. Amma yana haifar da 'yan wasa masu haddar motsi goma sha biyar waɗanda ke ruɗewa da zarar abokin karawa ya kauce wa littafi a motsi na shida. A nan tarbiyyar dara take da abin bayarwa. Ɗan dara ba shi da jerin motsi da zai haddace. Abin da ya koya shi ne karanta siffa: ina gurbi yake, wa zai riga isa, wane ɗa ne a kulle. Yaron da ya tashi da wannan ido ya riga ya san abin da ake nufi da sarari da saurin fito da runduna tun kafin a gaya masa sunansu.

Dara kanta tana ja da baya a cikin birni. Kwalta da siminti sun cinye rairayin ƙofar gida, ludo da karta da diraf da kallon ƙwallon Turai sun ɗauke samari, waya ta ɗauke saura. A ƙauyuka da wajen dattawa tana nan da ranta. Babbar asarar ita ce ilimin zubi, domin ba a rubuce yake ba. Bagadaza ta bar ta'abiyyarta a takarda, ana iya jera Mujannah yau kamar yadda As-Suli ya jera ta, amma dabarun gwanayen dara suna bin masu su kabari.

Rubuta su abu ne mai sauƙi. Layuka biyar za su iya ɗaukar lambobi, gurabe shida su ɗauki haruffa, kowane zubi ya samu suna kamar yadda ake yi a ces. Abin da zai fi wuya shi ne daidaita ƙa'idoji, domin sun bambanta daga gari zuwa gari. Wasu wurare suna tona layi shida mai gurabe bakwai. Wasu sun hana jeren huɗu sam, wasu sun yarda da shi amma ba ya ci. Wasu sun hana cire ɗan da ke cikin jeren uku, wasu sun bar wa mai ci ya ɗauki wanda ya so. Akwai kuma batun wanda ya cika layi biyu da motsi ɗaya, da wanda aka kulle ba shi da inda zai matsa. Duk gasar makarantu da za a shirya tsakanin yaran Sakkwato da na Zuru ko Ƙonni, sai an zauna da tsofaffin 'yan wasa na kowane yanki an yanke waɗannan batutuwa kafin a tona gurabe.